Shirin Zuwa Machina, Garin Gindin Duwatsu



Kwanakin baya ɗana na biyu ya dawo daga makaranta ransa a ɓace, wai sun yi musu da wani yaro, yaron ya ce masa Afuno, baƙo, ya koma garinsu. Ya zo ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Baba, wai mu 'yan ina ne?" To shi dai a nan Dapchi aka yanke masa cibiya, ni kuma a Hausari ta Nguru aka haife ni, kakana ne ya taso daga ƙasar Kano. Sai na ba shi amsar da dukkanmu muka saba bayarwa, na ce jirgin ƙasa ne ya kawo mu. Yaro ya yi shiru ya shige gida, amma ni da kaina na san amsar ba ta cika ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ƙudura, in Allah Ya yarda, zan ɗebi yaran nan mu je Machina mu dawo a wuni guda.

Wani zai ce me ya haɗa Machina da wannan magana? Ku ɗan yi haƙuri da ni.

Gaskiya ne jirgi ya kawo da yawa daga cikin iyayenmu. Layin dogo ya taso daga Kano, ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, ya iso Nguru a 1930, a nan kuma ya tsaya. Daga nan Nguru ta zama matattarar gyaɗa da fata da ƙiraga da ƙaro da kanwa da busasshen kifi, 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa. Kakana yana cikinsu, sayen fata ya kawo shi. Amma Nguru ba jirgi ya kafa ta ba. Tun ƙarni na 17 nan ne mazaunin Galadiman Borno, wanda aka ɗora wa tsaron yammacin daular, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Kuma tun kafin a san wani abu wai shi jirgi, ayarin fatake na tasowa daga Kano da jakuna da takarkarai, ɗauke da tufafi da goro, su nufi Borno, su komo da kanwa da dawakai. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta Gumel take bi, ta faɗo Machina.

Akwai shaida a rubuce. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Kano a watan Maris na 1851, ya bi ta Gumel da Machina da Bundi, ya isa Kukawa a farkon Afrilu. Ya ga Machina a kwance a jikin gangaren tudu, duwatsu a samanta, ya kuma ƙiyasta mutanenta ba su gaza 10,000 ba. Ku duba fa, a wancan zamani gari mai mutum 10,000 ba ƙaramin gari ba ne. Masu riƙe da tarihin fada kuwa suna cewa sarautar Mai Machinama ta haura shekara 1,000.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san shimfiɗaɗɗiya ce, yashi da fadama da goruba, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga dutsen da ya kai turmi ba. Shi ya sa duwatsun Machina suka zama abin dogaro a zamanin yaƙe-yaƙe, mai tsaro yana sama yana hango ƙurar mahara tun daga nesa. A ƙarni na 19 garin ya zauna ne tsakanin manya biyu, Borno a gabas, Damagaram a arewa, kowa na son ya ja shi. Da Turawan Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai Machina ta faɗo Nijeriya, Damagaram ta tafi Nijar. Sannan jirgi ya zo ya sauke kaya a Nguru, ayari ya mutu, ciniki ya bi ƙarfe. Machina ta koma gefe, ta riƙe sarautarta da duwatsunta.

To ga shirin tafiyar, ko wani zai so ya yi irinta. Daga Dapchi zuwa Machina tafiya ce ta kusan kilomita 200, saboda haka ana idar da sallar asuba za mu ɗau hanya. Mu bi ta Bayamari mu karya yamma zuwa Gashuwa, a nan za mu karya kumallo mu sha mai. Zan nuna wa yara kogin Yobe, in gaya musu cewa hedkwatar Bade da can a Gogaram take, sai a 1946 aka dawo da ita Gashuwa. Daga nan sai Jajimaji, sai Nguru, inda za mu tsaya minti kaɗan a tashar jirgi su ga inda kakan ubansu ya sauka da buhunsa. Daga Nguru zuwa Machina kilomita 50 ne da 'yan kai. In ba a samu matsala ba, da hantsi muna gindin dutse.

Lokacin sanyi ya fi dacewa, don dutse in ya sha ranar bazara ko takalmi ba ya hana shi cizo. A riƙi ruwa da yawa, kowane babba ya sa katin ɗan ƙasa a aljihu saboda shingayen jami'an tsaro. Da an isa, a fara zuwa ƙofar fada a yi gaisuwa, a nemi ɗan gari ya yi jagora, kada a afka wa duwatsun mutane kamar babu masu su. Sannan abu mafi muhimmanci: a Machina ba a kashe maciji. Mutanen garin suna ba da labarin cewa wata matar sarki ta haifi tagwaye, ɗaya mutum ɗaya maciji, tun daga nan gidan sarauta ke ɗaukar macizai a matsayin 'yan uwa. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, al'adar masu gari ce, sai a ja wa yara kunne kada wani ya ɗauki sanda.

Da an yi azahar za mu juyo, domin magariba ta same mu a gida. Tun abin da ya faru a watan Fabrairu na 2018, lokacin da aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar kwana ta garin nan, babu ɗan Dapchi da ke buƙatar a yi masa wa'azi kan tafiyar dare. Kuma ranar nan da aka yi kuka, ba wanda ya tambayi wani ƙabilarsa, tare muka yi.

In mun hau dutsen, zan nuna wa yaron nan yamma in ce ga hanyar Gumel da Kano, in nuna masa gabas in ce ga hanyar Kukawa. Ba zan ce masa ƙasar nan tamu ce ba, domin mun tarar da Mangawa da Badawa da Barebari, sun ba mu masauki, sun ba mu aure, dole mu girmama su. Amma zan gaya masa cewa ƙafar Bahaushe ta daɗe tana taka wannan yashi kafin jirgi, kuma in Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to raɓar da ta binne kakanni a gari ta wuce a kira ta raɓa.

Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya zaunar da mu da maƙwabtanmu cikin aminci, amin. In mun dawo za ku ji yadda ta kaya.