Tawakkali

Tawakkali (suna, namiji, aro daga Larabci): dogaro ga Allah bayan mutum ya yi iya ƙoƙarinsa. Shi ne abin da Musulmi ke kwantar da zuciya da shi idan fargaba ta hana barci. Ana cewa "ya yi tawakkali" ga wanda ya danne tashin hankali, kamar 'yan kasuwar Sabon Gari ta Kano da gobarar 2016 ta cinye wa shaguna, suka sake neman jari.

Malamai kan kawo misalin Hijira a shekarar 622. Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɗauki hayar ɗan jagora, Abdullahi ɗan Uraiƙit, suka nufi kudu alhali Madina tana arewa, suka kwana uku a kogon Sauru. Da masu farautarsu suka iso bakin kogon, hankalin Abubakar ya tashi, Annabi ya lallashe shi da tuna masa cewa Allah na tare da su. Aya ta 40 a Suratut Tauba ta ambaci wannan.

Wasu kan fake da kalmar su ƙi zuwa asibiti, abin da malamai ke kira sakaci.