Gangar Farko: Tarihin Koyon Kiɗa a Gaya, daga Kuntuku zuwa Gangar Lantarki

Garin Gaya, wanda yake zaune a ƙarshen kudancin jihar Doso, bisa gaɓar kogin Kwara, yana kallon Malanbil ta ƙasar Benin a ƙetaren ruwa, Kamba ta Najeriya kuma tana kusa da shi ta wajen gabas, gari ne da tun asalinsa bai taɓa zama na masu harshe ɗaya ba, don haka kuwa bai taɓa zama na masu ganga iri ɗaya ba. Kyangawa su ne aka sani da riga kowa zama a wannan yanki. Daga baya 'ya'yan sarautar Songhai suka gangaro, bayan da rundunar Maroko ta karya daularsu a yaƙin Tondibi cikin shekarar 1591, har Askiya Nuhu ya mai da ƙasar Dandi mafaka, ya yi shekaru yana gwabzawa da baƙin daga cikinta. Sa'an nan Kabawa da Arawa da Zabarmawa da Fulani da fataken Hausa kowa ya zo da tasa sana'ar, kowace sana'a kuma ta zo da nata kiɗan. A wannan gari ne yau za ka ji saurayi yana tambayar abokansa wace gangar lantarki ce mai araha wadda ta dace da mai koyo, alhali kuwa kakansa, in makaɗi ne, bai sayi gangarsa ta farko ba, bai kuma zaɓe ta da kansa ba. Yadda aka taso daga wancan hali zuwa wannan shi ne abin da nake nufin bayyanawa, domin a ganina amsar tambayar jikan tana cikin tarihin kakan.

A zamanin da, kowace ganga tana da ubangijinta, kuma wanda ya rataya wadda ba ta matsayinsa ba ya yi shisshigi. Tambari na sarki ne, ba a buga shi sai ranar naɗi ko salla ko yaƙi, ko kuwa in wani babban al'amari ya auku. Kotso da taushi da jauje na fada ne, da su ake waƙar sarakuna, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka shahara da kotso, Salihu Jankiɗi kuma da taushi. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma, wadda ake bin bayan 'yan gayya da ita a tsakiyar damina. Kalangu kuwa na mahauta ne tun asali, shi ke shelar an yi yanka a kasuwa, daga nan ya bi 'yan dambe, ya shiga dandali wurin 'yammata, har ya zama gangar talakawa baki ɗaya. Fataken goro da suke tasowa daga Kano da Sakkwato, su bi ta Jega, su ƙetare Kwara a mashigan Dandi irin su Gaya da Illo, su nufi Jugu har Salaga ta ƙasar Gwanja, sun yi ta wucewa da waɗannan kaɗe-kaɗe suna barin irinsu a zango-zango, inda suka tarar da gangunan Dandawa da na Bargawa, aka zauna tare.

Malamai kuwa tun da daɗewa sun sa wa al'amarin ido. Duk almajirin da ya karanta Risala ya san cewa mazhabar Imamu Malik ta yi rangwame ga bandiri a wurin aure, ta kuma ambaci saɓani game da babbar ganga. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin ɗabi'un mulkin da ya zo gyarawa, amma ya yarda da ganga in akwai manufa ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda yammacin daular Sakkwato ya kasance a hannunsa a Gwandu, ya fi shi tsanantawa a wannan mas'ala. Sai dai ɗa'ar Dandi ga Gwandu ba ta ɗore ba, gama tun daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabi, Dandawa da Zabarmawa da Arawa suka haɗa kai da Argungu. Kuma ko a cikin daular kanta tambura ba su bar ƙofar sarakuna ba. Abin da ya haifu daga wannan ja-in-ja shi ne makaɗi ya zauna a wani matsayi mai wuya: ba a naɗi ko aure ko suna ko gayya sai da shi, amma ba kowane gida ne ke ba shi 'ya ba. Saboda haka sana'ar ta tsaya a cikin gidajenta, ta zama gado, wanda ya shigo ta daga waje kuma aka kira shi ɗan haye.

To, a cikin waɗannan gidaje ne aka tsara hanyar koyo, kuma tsari ne da ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau. Yaro yakan fara da abin da ba a saya, watau fasasshiyar ƙwarya ko gwangwani, yana kwaikwayon abin da yake ji dare da rana a zauren ubansa. In ya ɗan tasa sai a fara fita da shi, ba don ya buga kome ba tukuna, sai don ya ɗauki kaya, ya ɗumama fata a gefen wuta in sanyi ko raɓa sun sake ta, ya tsince abin da aka yi kari da shi, ya kuma saurara. Ranar da maigida ya ga kunnen yaron ya nuna, sai ya rataya masa kuntuku, wanda wasu ke kira kuntukuru ko kurkutu, watau 'yar ƙaramar ganga mai fuska ɗaya da ake bugawa da 'yan sanduna biyu. Kuntuku ba ya kirari, ba ya kiran sunan kowa, ba wanda ya taɓa yi masa kari don kansa. Aikinsa guda ne, ya riƙe ma'aunin kiɗa daga farkon wasa har ƙarshensa, ba gaggawa ba jinkiri, yayin da manyan kalangai suke hawa da sauka a kansa. Wanda ya saurari tsofaffin faya-fayan Alhaji Mamman Shata zai ji wannan ƙaramar murya a ƙarƙashin sauran, ba ta gushewa. Haka nan kazagi yake ga gangar noma. Sai yaro ya yi damina da rani a wannan matsayi, har hannunsa ya daina neman izinin kansa kafin ya sauka, kana a ɗaga shi zuwa ɗan karɓi, watau ƙaramin kalangu, daga nan, in Allah ya nufa, zuwa babban kalangu.

Hikimar wannan tsari a fili take. Gangar farko ita ce mafi araha a cikin kayan, in ta fashe ba a yi hasara mai yawa ba. Kuma mai koyo ba ya koyo shi kaɗai a ɗaki, yana koyo ne a gaban jama'a, kusa da wanda hararar idonsa kaɗai ta isa ta mai da shi kan hanya. Araha da tarbiyya a haɗe suke zuwa, ba a raba su.

Shi kansa kalangun ba a kanti ake samunsa ba. Masassaƙi ne ke fafe kangonsa daga itace irin su alilliba, ya tsuke tsakiyarsa ya buɗe bakunansa biyu, kuma yankin Gaya, da yake ya fi ko'ina a Nijar samun ruwan sama, wajen milimita 800 a shekara, bai rasa itatuwa kamar yadda arewa ta rasa ba. Fatar ɗan akuya daga mahauta take fitowa, waɗanda da ma su ne iyayen gijin kiɗan. Tsarkiya kuwa, da gula mai lanƙwasasshen kai, da rufe fuskar gangar, duk aikin makaɗin ne da hannunsa, ta yadda wanda bai iya gyaran kalangunsa ba ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama koyo. Fa'idar wannan tsarkiya ita ce babba a cikin al'amarin duka. Harshen Hausa, kamar na Dandawa, yana da karin sauti, gaɓa takan hau, takan sauka, takan kuma faɗo daga sama. Makaɗi in ya matse tsarkiya a hammatarsa sai fata ta ɗaure, murya ta yi sama, in ya saki sai ta yi ƙasa, da haka gangar take bin karin magana har mai saurare ya ji sunansa da na ubansa da takensa ba tare da an buɗe baki ba. Ɗan kokawar da jikinsa ke tsuma kafin ya shiga fili, abin da aka faɗa masa ne ya tsuma shi.

Zuwan Nasara ya kawo badujala da gangunan soja da na 'yan sanda, ya kuma ja iyakoki uku a tsakiyar ƙasar da take ɗaya; gadar da aka gama a 1958 tsakanin Gaya da Malanbil ta ɗaura garin ga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta hanyar jirgin ƙasan da ke tsayawa a Paraku da manyan motocin da ke ɗauka daga can. Duk da haka tsohuwar sana'a ba ta girgiza ba, har ma ta sami sabon fili a zamanin Seyni Kunce, wanda ya farfaɗo da samariya, aka kuma soma gasar kokawa ta ƙasa a Tawa cikin 1975, inda kowace jiha take zuwa da 'yan kokawarta da makaɗanta.

Abin da ya girgiza ta shi ne lantarki. A 1978 Mamman Sani Abdullahi ya ɗauki kiɗansa na fiyanon lantarki a gidan rediyon ƙasa a Yamai, mutanen Nijar kuma suka yi shekaru suna jin sa a tsakanin shirye-shirye. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fito da na'urar TR-808 mai buga ganga da kanta, a 1981 kuma kamfanin Simmons na Ingila ya fito da gangunan lantarki da mutum ke bugawa da sanda. Amma ƙofar da abin ya shigo mana ta ita ce fim ɗin Hausa na Kano, wanda ya soma da Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma kuma ɗakunan ɗaukar sauti suka gane cewa fiyano ɗaya ƙirar Yamaha yana iya kwaikwayon kalangu da sarewa da goge, mutum ɗaya ya yi aikin ƙungiya. Waɗannan waƙoƙi sun iso Gaya a kaset, daga baya a faifai, daga baya a wayar hannu, har aka kai ga mai biki yana ganin hayar lasifika ta fi masa sauƙi da kiran makaɗa biyar da ciyar da su. Wanda ya fara rasa gurbinsa a wannan sauyi shi ne mai kuntuku, domin riƙe ma'auni shi ne aikin da na'ura ta fi iyawa. Da ya rasa gurbinsa kuwa, sai matakin farko na koyo ya karye.

Gangar lantarkin da samari ke nema yau fayafayai ne na roba ko na raga, irin wadda Roland ya yaɗa tun 1997, a ɗaure bisa ƙarfe, kowanne da 'yar na'ura a ƙarƙashinsa mai jin ƙarfin bugu, ta aika da shi ta waya zuwa wani ƙaramin akwati, shi kuma ya fitar da sautin da aka riga aka ajiye masa. Adalci ne a faɗi alherinta: damina ba ta sake mata fata, tana da ma'aunin lokaci a cikinta, kuma mai koyo yana iya sa abin saurare a kunne ya buga har dare bai dami maƙwabci ko masallaci ko makarantar allo ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin Musulmi. Galibin abin da talaka zai iya kaiwa gare shi ɗan kwatano ne, watau wanda wani ya riga ya yi amfani da shi a Turai, tun ma ba bayan 1994 ba, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka ninka kuɗi. Hanyar kuma ba ta da tabbas, gama bayan juyin mulkin Yulin 2023 gadar ta rufu, kaya suka koma bin kwale-kwale, Najeriya ma ta yanke wutar da take ba Nijar har tsawon watanni. Kalangu kuwa bai san an yi ba.

Hukuncina a kan wannan shi ne araha ta gaskiya ba a kuɗin saye kaɗai ake auna ta ba. Abin da ya fi saurin lalacewa a waɗannan kaya shi ne abin takawa da ƙafa, da wayoyi, da na'urar da ke shigar da wuta, ƙurar hunturu da zafin bazara kuwa ba su raga musu. Saboda haka wanda zai saya ya buga kowane faifai a gaban mai sayarwa, a hankali da kuma da ƙarfi, ya ji ko sautin yana bin nauyin hannunsa, ya tabbata mai gyaran rediyo na kasuwar Gaya ko ta Malanbil zai iya samo masa abin da ya mutu, ya kuma fifita tsohuwar ƙirar Yamaha ko Roland ko Alesis a kan sabuwa mai ƙyalli wadda ba a san gidanta ba. Kada yawan sautukan da ke cikin akwatin ya ruɗe shi, domin mai koyo ba ya bukatar ɗari, guda yake bukata ya riƙe. Ya kuma sani cewa faifan roba ba shi da tsarkiya, in an buga shi sautin da aka ajiye masa zai maimaita, ba zai kira sunan kowa ba.

Saboda haka, ya kai saurayi, in kuɗinka sun kai, sayi mafi ƙanƙanta da za ta yi maka aiki, ragowar kuma ka sayi goro ka kai wa tsohon makaɗin unguwarku, ka roƙe shi ya rataya maka kuntuku ka bi shi biki da fagen kokawa ko da na shekara guda ne. Ku kuma masu gidajen rediyo na Gaya da Doso, da masu riƙe da sarautun kiɗa, ku zaunar da dattawan nan ku ɗauki taken kowace sarauta da kowace sana'a, tare da bayanin abin da gangar take faɗa, tun suna da ƙarfin matse tsarkiya.