Na'urorin Magana na Farko da Matsalar Karin Sautin Hausa: Nazari Daga Maraɗi

Gabatarwa

A watan Yunin 1978 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya baje wani abin wasan yara a bikin nunin kayan lantarki na Shikago. Sunansa Speak & Spell. Ɗan akwati ne mai maɓallan haruffa: ya furta kalma, yaro ya rubuta ta, shi kuma ya gaya masa ko ya yi daidai ko ya yi kure. Babu faifai a cikinsa, babu kaset. Wani guntun lantarki ne yake ƙera muryar nan take daga lambobin da aka ajiye masa. Kuɗinsa kimanin dala 50 ne.

Ba don kasuwar Maraɗi aka ƙera irin waɗannan na'urori ba, kuma yau sai a gidajen tarihi da hannun masu tara tsofaffin kaya ake ganin su. Duk da haka, wannan maƙala tana ganin akwai darasi a cikinsu ga mai nazarin Hausa. Ƙarancin ma'ajiya ya tilasta wa maƙeransu su zaɓi abin da za su riƙe daga muryar ɗan Adam da abin da za su zubar. Abin da wasunsu suka zubar, wato karin sauti, shi ne ginshiƙin Hausa, kuma rubutunmu na boko ma ya zubar da shi.

Hanyoyi biyu na ƙera murya

Neman injin da zai yi magana ya daɗe. Wolfgang von Kempelen ya bayyana nasa mai zugazugi a littafinsa na 1791, Homer Dudley na Bell Labs kuma ya nuna Voder a Niyok a 1939. Sabon abin da ƙarshen shekarun 1970 ya kawo shi ne arha, ta hanyoyi biyu.

Hanyar farko ita ce ta Texas Instruments, wadda Paul Breedlove da Richard Wiggins da Larry Brantingham da Gene Frantz suka yi aiki a kanta. Sai a ɗauki muryar mutum na gaske, a tace ta, a bar lambobi kaɗan: ƙarfin murya, tashinta ko saukarta, da wasu lambobi goma masu kwatanta yadda baki da maƙogwaro suka tsaya. Guntun yana sabunta waɗannan lambobi sau gommai cikin daƙiƙa guda. Da haka aka matse magana zuwa kimanin bit 1,200 a daƙiƙa, alhali layin tarho na dijital yana cin 64,000. Dabarar ta samo tushe daga binciken Fumitada Itakura da Shuzo Saito a Japan da na Bishnu Atal a Amurka. Aibinta ɗaya ne: na'urar ba ta faɗin komai sai abin da aka riga aka zuba mata. Shi ya sa da za a sayar da ita a Faransa sai da aka sake ɗaukar murya, aka fito da La Dictée Magique. A Ingila ma, kwamfutar BBC Micro ta yi magana da muryar Kenneth Kendall, mai karanta labarai a talabijin.

Hanya ta biyu ita ce a ajiye gutsattsarin sauti, mai kwamfuta ya jera su yadda ya ga dama. Guntun Votrax SC-01 yana da sauti 64. SP0256-AL2 na General Instrument yana da 59, da tsayawa iri biyar, kuma shi ne a cikin Currah MicroSpeech da aka fitar wa ZX Spectrum a 1983. Tallarsu ita ce suna iya faɗin kowace kalma. Gaskiyar maganar kuwa, kowace kalmar Ingilishi ake nufi.

Abin da zai faru da Hausa

A ɗauka ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya samu SP0256-AL2, yana so ya sa shi ya ce "Baƙo ya ɓata a gari". Da ya buɗe jerin sautukan zai ga babu ƙ, babu ɓ, haka nan babu ɗ da ƴ da ts, domin duka da motsin maƙwallato ake furta su, Ingilishi kuwa ba ya rarrabe kalmomi da wannan. Dole ya musanya su da mafi kusa, sai ɓata ta koma bata, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. Idan ya zo kan gari zai iya yin dabara ya ninka wasali, don a bambanta gari na mazauna da garin tuwo. Amma idan jimlarsa ta ƙunshi kuka, nan gizo ke saƙa: kukan yaro gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, kukar miya kuwa ta biyun a ƙasa take, kuma guntun bai tanadi hanyar ɗaga gaɓa ɗaya a sauke ta kusa da ita ba.

Abin bai tsaya ga ɗaiɗaikun kalmomi ba. "Ya tafi" a rubuce abu guda ne, a baki kuwa uku ne: da dogon wasali labari ne na abin da ya wuce, da gajeren wasali mai karin sama shi ne na cikin "shi ne ya tafi", da karin ƙasa kuma umarni ne ko fata. A Ingilishi murya maras hawa da sauka tana gajiyar da kunne ne kawai. A Hausa tana rusa nahawu.

Abin lura shi ne hanyar farko ba ta da wannan matsala, tunda tashin murya yana cikin lambobin da take ajiyewa. Hujjar tana aljihun kowa: tsarin GSM na wayoyin salula yana matse murya zuwa bit 13,000 a daƙiƙa da jikar wannan dabara. Manomin zogale a fadamar Jiratawa yana ciniki ta waya da dillalinsa na Maraɗi, kuka da kuka ba su taɓa rikice musu ba. Ashe lantarki bai gaza ɗaukar Hausa ba. Jerin sautukan da aka gina a kan harshe guda ne ya gaza.

Zaɓin makaɗa

Ƙasar Hausa tana da nata tsohon ilimin sa abu maras rai ya yi magana. Makaɗin kalangu yana rataye shi a hammata, ya matse tsarkiya fata ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauka. A fadar Sarkin Gobir ta Tibiri, wadda aka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, kakaki da algaita da tambari suna isar da take da kirari ga wanda ya san su. Ba su furta baƙi ko ɗaya. Kari da tsawon gaɓa suke riƙewa, su zubar da sauran, daidai kishiyar abin da guntun General Instrument ya yi.

Mai musu zai ce ganga ba ta faɗin sabuwar magana, sai taken da mai sauraro ya riga ya haddace. Gaskiya ne, kuma wannan ita ce iyakar Speak & Spell ma. Amma kasancewar Bagobiri yana gane taken sarkinsa daga kari kaɗai ya nuna nauyin ma'anar da karin yake ɗauke da shi.

Rubutu da karin harshe

Na'urorin yau sun wuce matsalar ma'ajiya. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da tsarin da ke karanta rubutu da murya cikin harsuna sama da 1,100, har da Hausa. Sai dai abin da ake miƙa wa irin wannan tsari rubutun boko ne, wanda ba ya nuna kari ko tsawon wasali. Ajami aƙalla yana nuna tsawon da alif da wawu da ya. Bayan taron Bamako na 1966 an yi zamani a Nijar ana ninka dogon wasali a littattafan yaƙi da jahilci, daga baya aka bari. Ƙamusoshi irin na Bargery na 1934 ne suke ajiye cikakken bayanin. Bahaushe yana cike giɓin daga ma'anar zance, na'ura kuwa cinta take yi.

Akwai kuma tambayar wace Hausa za a koya mata. Mutumin Maraɗi da Tibiri yana cewa zamna da amre da hwata inda daidaitacciyar Hausa take da zauna da aure da fata. Kamar yadda maƙeran BBC Micro suka zaɓi lafazin BBC ya zama muryar kwamfutar makarantun Ingila, haka duk wanda ya ɗauki muryar da za a horar da na'ura yake yanke hukunci a kan lafazin da yara za su ɗauka shi ne daidai.

Kammalawa

Tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, don haka buƙatar na'urar da za ta karanta wa wanda bai yi boko ba sanarwar asibiti ko farashin taki za ta ƙaru. Ba a ce a sauya rubutun yau da kullum ba, domin masu karatu sun saba da shi. Abin da ya kamata masana harshe da na kwamfuta a Maraɗi su yi shi ne su tara muryoyin maza da mata na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa da yardarsu, su rubuta su da alamar kari da tsawon wasali a kan kowace gaɓa, su ajiye su inda kowane mai bincike zai samu. Maƙeran 1978 suna da uzurin ƙarancin ma'ajiya. Wannan uzuri ya ƙare, aikin da ya rage na masu harshen ne.