Shekarar Marisuwa: Annobar da Ta Shigo ta Jirgin Ƙasa

Akwai shekarun da Bahaushe ba ya ƙirga su da lamba, sai da abin da ya faru a cikinsu, kuma 1918 tana daga ciki. Tsofaffi sun daɗe suna auna shekarun mutum da cewa an haife shi kafin marisuwa ko bayanta. Marisuwa ita ce murar nan mai kisa da Turawa suka laƙaba wa sunan Sifaniya bisa zalunci: ƙasashen da ke cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun hana jaridunsu buga labarinta, Sifaniya kuwa ba ta cikin yaƙin, jaridunta suka yi ta bugawa, har da kwanciyar Sarki Alfonso na 13, sai laifin ya faɗa kanta. An ƙiyasta cutar ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, ta kashe wajen miliyan 50, fiye da waɗanda yaƙin ya ci. Tarihinta a ƙasarmu yana nuna cewa sabuwar cutar numfashi takan riga sunanta isowa, kuma yawan waɗanda za ta kashe ya danganta ƙwarai da abin da aka yi a makonnin farko, lokacin da babu wanda ya gama fahimtarta.

Hanyar da ta biyo a bayyane take. A watan Agusta 1918 jirgin ruwan Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Firitawun ta Saliyo da marasa lafiya a ciki, ma'aikatan da suka loda masa gawayi suka kwasa. Ranar 14 ga Satumba jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Legas daga gaɓar ƙasar da yau ake kira Gana, fasinjojinsa suka watsu cikin gari. Farkon Oktoba tana Abekuta da Badun, daga nan ta bi layin dogo da koguna ta yi arewa. A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Mai mura yakan yaɗa ta ne na kusan mako guda. A zamanin fatake, mutumin da ya kamu a kudu zai warke ko ya rasu tun ayari bai yi nisa ba, domin tafiya ce ta makonni da jakai. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka haɗa layin da Legas a 1912, tafiyar ta koma ta 'yan kwanaki, a cikin tarago cike da mutane suna shaƙar numfashin juna. Layin da ya kwashi gyaɗa ya kawo kuɗi, shi ne ya ɗauko cutar da ranta ya sauke ta a tasha.

Masanin tarihi Don Ohadike ya kawo ƙiyasin cewa mutum kusan 500,000 suka mutu a Najeriya daga cikin kimanin miliyan 18. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne waɗanda ta zaɓa. Murar da aka saba takan kayar da jarirai da tsofaffi, ita kuwa wannan ta fi ƙarfi a kan 'yan shekara 20 zuwa 40. Mutum ya wayi gari da zazzaɓi da ciwon jiki, tari ya biyo, wani jini ya ɓalle masa ta hanci, huhu ya cika da ruwa, leɓɓa su yi duhu, cikin kwanaki kaɗan a kai shi makwancinsa. Ta kuma faɗo mana da kaka, lokacin da gona ta fi bukatar waɗannan majiya ƙarfin, shekara huɗu kacal bayan yunwar 1914. Kyawawan al'adunmu ma sun zame mata gada: dubiya a ɗaki mai ƙaramar taga, zaman makoki a zaure kafaɗa da kafaɗa, moɗa ɗaya tana zagayawa.

Wani zai ce ai mutanen lokacin ba su da abin yi, tunda ba su san abin da ke kashe su ba. Gaskiya ne ba su sani ba. Likitoci da yawa sun ɗora laifin kan wata ƙwayar cuta daban, kuma sai a 1933 aka gano ainihin ƙwayar murar ɗan'adam a Landan. Duk da haka wasu sun tsira da jahilcin nasu. A tsibiran Samowa, jirgin Talune ya sauke marasa lafiya a yankin yamma a Nuwamba 1918, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar suka mutu. Gwamnan yankin da Amurka ke mulka, John Poyer, ya killace gaɓarsa, ba a rasa ko mutum ɗaya ba. A Amurka kanta, birnin Filadelfiya ya bar jama'a wajen 200,000 suka yi jerin gwano ranar 28 ga Satumba, asibitoci suka cika cikin kwanaki, yayin da birnin Sen Luwis, wanda ya rufe makarantu da wuraren taro da wuri, ya yi asarar da ba ta kai ta Filadelfiya ba ko kusa. Mai cewa ƙaddara ce kuma, ya tuna Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma bai ga hakan a matsayin saɓa wa ƙaddara ba.

Akwai ƙorafin da ya fi waɗannan nauyi: Kano ba tsibiri ba ce, kuma wanda sai ya fita zai ci ba a kulle shi wata guda. Wannan haka yake, kuma kullen korona na 2020 ya jefa talakawa cikin ƙunci na gaske. Sai dai kulle mai tsawo maganin wanda ya makara ne. Wanda ya gane cuta da wuri, abin da zai nema daga jama'a kaɗan ne: ware mara lafiya, buɗe tagogi, rufe baki da hanci, rage cunkoso na ɗan lokaci. Gano ta da wuri kuwa yana bukatar ƙirga mamata, abin da har yau muke sakaci da shi. A Afrilu 2020 masu haƙar kabari a Kano ne suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa, aka yi ta musu. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an samu mutuwar mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Shekara 102 bayan marisuwa, maƙabarta ce ta riga asibiti sanin labari.

Saboda haka kira nake ga masarautu da ƙananan hukumomi: a ajiye littafin rajista a kowace maƙabarta, mai unguwa da liman su riƙa sa hannu, a riƙa aika adadin ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma duk mako, kuma a biya masu haƙar kabari ladan wannan aiki.