Daga Ƙwarya Zuwa Leda: Tarihin Tsaron Abinci a Arewacin Zamfara

Kafin zuwan takarda mai tambari, ido da hanci da harshe su ne hukumar abinci a ƙasar Zamfara. Mai sayen nono a kasuwar Dauran da ke ƙasar Zurmi takan ɗaga faifai, ta karkata ƙwarya ta ga kaurinsa, ta ɗanɗana a ludayi. In an tsuga masa ruwa ko an dama masa kuka, nan take za ta mayar da faifai ta yi gaba. Goro na cikin huhu, daddawa a ganye, hatsi a taiki bisa jaki, duk ba a yi musu rufin da mai saye ba zai iya buɗewa ba. Abin da ya gagari ido kuma sai sarauta ta shiga: Sarkin Pawa ke da alhakin abin da aka yanka, Sarkin Kasuwa ke raba gardamar mudu. Malamai suna kiran wannan ha'inci algus, suna kafa hujja da labarin Manzon Allah (SAW) da ya cusa hannu cikin tarin abinci ya iske na ƙasa a jiƙe.

Turawa sun zo da nasu tsarin. Dokar lafiyar jama'a ta 1917 ce ta ƙarfafa aikin da Hausawa suka laƙaba wa suna duba-gari, mai leƙa randa da kwata da mahauta, wanda matan gida kan shiga share-share da jin an ce ga shi nan tafe. Sai dai binciken da ya fi tsanani bai shafi tukunyar talaka ba. A 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya a Kaura Namoda, garin ya zama matattarar gyaɗa da audugar Zurmi da Shinkafi da ƙauyukansu. Taiki ya ba buhun algarara wuri. Ma'aikatan duba amfanin gona sukan soka wa buhu ƙarfe su zaro samfur, su nemi tsakuwa da ɓawo da ruɓaɓɓiyar ƙwaya, domin kayan na masana'antun Ingila ne. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗar Barazil, daga nan aka gano gubar afalatokzin da fumfuna ke haifarwa. Masu saye a Turai suka ƙara sa ido a kan gyaɗar da ake kai musu. Wadda aka tsince aka bari a gida kuwa, ita ake mayarwa ƙuli-ƙuli da kunu, ba wanda ya ce a auna ta. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ita kanta gyaɗar ta riga ta durƙushe tun daga fari na 1973 da cutar da ta biyo baya a 1975.

Dokar tarayya ta zo a hankali. An kafa hukumar kula da ingancin kaya a 1971, aka yi dokar abinci da magunguna a 1974, amma ta fi zama a takarda. Mutuwar yara ce ta farkar da gwamnati: a 1990 ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba ya kashe yara fiye da 100 a Jos da Badun. Doka ta 15 ta 1993 ta haifi NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Sunan hukumar bai shiga bakin mutanen karkara ba sai zamanin shugabancin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, lokacin da rediyo ke ta nanata a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ana kuma rufe gidajen burodin da ke zuba sinadarin buromet don burodi ya kumbura.

A faɗi gaskiya, akwai inda dokar ta ci nasara har ƙauye. Tun 1993 aka wajabta sa sinadarin ayodin a gishiri, a 2002 kuma aka wajabta bitamin A a fulawa da sukari da man girki. Dalilin nasarar a fili yake: masana'antun da ke yin waɗannan kaya 'yan kaɗan ne, in ka tsare bakin ƙofarsu ka tsare ƙasa duka. Wanda ya girma yana ganin masu maƙoƙo a kasuwa ya san sun ragu.

Matsalar ita ce dokar tana bin abin da aka liƙe ne, alhali leda ta zo ta sauya yadda ake ciniki. A shekarun 1990 fiya wata ya maye gurbin ruwan randa a tasha, madara ta fito a 'yar ƙaramar leda daidai kuɗin shayin safe. Tsaya gaban mai tireda a Dauran ka gani. Zai farke babban buhun sukari ko na garin madara, ya riƙa ɗiba da cokali yana ƙullawa, yana jera ƙulli-ƙulli a faranti. Lambar hukuma da ranar lalacewa suna can jikin buhun, buhun kuma ya zama shimfiɗa ko jakar cefane. Koko da zafinsa a leda ake zuba shi, alale a leda ake dafa shi, zoɓo da kunun aya a robar da wani ya sha ya yar, tsire a takardar siminti. Mai saye ya daina ɗanɗanawa kamar yadda kakarsa ke yi, tambarin da aka ce ya dogara da shi kuma bai iso hannunsa ba.

Kano ta ga sakamakon haka a watan Maris na 2021. Wani sinadarin masana'antu aka sayar a matsayin ɗan tsami, masu haɗa lemo suka saya, mutane suka riƙa fitsarin jini. Gwamnatin jihar ta ce 10 sun rasu, kusan 400 sun kwanta asibiti. Farin gari ne a ƙulli, ba suna ba lamba.

Sai wake, wanda manoman yankin nan suka san ciwon kansa. A da toka da yashi da barkono ake haɗa shi da su don ƙwari. Da maganin ƙwari na piya-piya ya zo, mai arha da saurin kisa, 'yan kasuwa suka rungume shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan wannan guba a jikinsa, tarihin gyaɗa ya maimaita kansa: sai da baƙo ya ƙi saye sannan aka tuna 'yan gida na ci. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Abin mamaki, maganin matsalar ya fito ne daga mazubi. Tun 2007 masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka yaɗa buhu mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, ana ɗaure kowanne daban. Iska ta ƙare, ƙwari su mutu, ba a zuba ko ɗigon magani ba. A Kano ma ana yin sa.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da kasuwa da mahauta da gidajen burodi da wuraren sayar da abinci a kan ƙananan hukumomi. Ma'ana abin da ake aunawa da mudu ko a ƙulla a leda a Dauran haƙƙin Zurmi ne kafin ya zama na Abuja, haka Kaura Namoda da Shinkafi a nasu kasuwannin. Rashin tsaro ya sa zuwa kasuwar ma ya zama sai da addu'a, amma duk ranar da ta ci, ya kamata duba-gari ya kasance a cikinta. Kai kuma mai karatu, in za ka sayi ƙulli, ka ce a nuna maka buhun da aka ɗebo shi.