Malami da Na'ura: Nazarin Koyon Amfani da Fasahar Zamani wajen Koyarwa a Garwa da Arewacin Kamaru

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin matakan da hukumomin Kamaru suka ɗauka tun daga 2001 domin shigar da fasahar sadarwa cikin makarantu, sannan ta auna su da yanayin Garwa da jihohin arewa uku, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. Maƙalar ta nuna cewa an fi karkata ga samar da na'urori da koyar da kwamfuta a matsayin darasi mai zaman kansa, alhali horar da malami ya sarrafa na'urar wajen koyar da nasa fannin shi ne ya yi ƙaranci.

1.0 Gabatarwa

Fasahar koyarwa, a ma'anar da aka ɗauka a nan, ta ƙunshi duk wata na'ura ko manhaja da ake isar da darasi ko auna fahimtar ɗalibi da ita, tun daga rediyo da talabijin har zuwa kwamfuta da wayar hannu da intanet. Masana sun bambanta koyon na'ura da koyo ta hanyar na'ura, domin na farko yana tsayawa ga sanin sassan kwamfuta da yadda ake sarrafa ta, shi kuwa na biyu yana nufin malamin labarin ƙasa ko na lissafi ya bayyana da ita abin da allo da alli suka kasa bayyanawa. A 2006 Mishra da Koehler suka gabatar da ra'in da ke cewa malami yana buƙatar ilimi iri uku a haɗe, wato sanin fanninsa da sanin dabarun koyarwa da sanin na'ura, kuma rashin ɗaya yana raunana sauran biyun. A kan wannan ra'i aka ɗora nazarin.

2.0 Matakan da Hukuma ta Ɗauka

A watan Nuwamba na 2001 Shugaba Paul Biya ya ƙaddamar da cibiyoyin kwamfuta na farko a manyan makarantun sakandare biyu na Yawunde, kuma a 2003 aka shigar da darasin kwamfuta cikin manhajar sakandare. A 2016 aka sanar da shirin raba kwamfutocin tafi-da-gidanka 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, da bashin CFA biliyan 75 daga ƙasar Sin, aka kuma soma rabon a ƙarshen 2017. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a ranar 18 ga Maris 2020, sai aka koma ga darussa ta gidan rediyo da talabijin na ƙasa, CRTV, da kuma darussan nesa na ma'aikatar ilimin sakandare, azuzuwan jarrabawa kuwa suka koma a farkon Yuni.

Abin lura a waɗannan matakai shi ne dukkansu daga babban birni suka taso, kuma abin da aka fi ƙirgawa a cikinsu shi ne yawan na'urori. Rufe makarantun 2020 ya tabbatar da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, domin malamin da bai taɓa tsara darasi a na'ura ba an nemi ya koyar daga nesa cikin 'yan makonni.

3.0 Yanayin Arewa

Matsala ta farko ita ce wutar lantarki. Jihohin uku sun daɗe suna dogara da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kudu da Garwa, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya a lokacin rani sai a shiga rabon wuta tsakanin unguwanni. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage matsalar, amma makarantun ƙauye da dama ba su haɗe da layin wuta ko kaɗan, shi ya sa a wurare irin waɗannan ake koyar da darasin kwamfuta a allo, ɗalibi ya haddace sunayen sassanta domin jarrabawa ba tare da ya taɓa ta ba.

Ta biyu ita ce harshe. Faransanci ne harshen koyarwa a mafi yawan makarantun yankin, amma Fulfulde shi ne harshen kasuwa da unguwa, ga kuma Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa da Mafa da Tupuri, saboda haka darasin da aka naɗa a Yawunde da Faransanci zalla yana iya isa wayar yaro ba tare da ya isa fahimtarsa ba. A nan shirin da UNICEF ta ƙaddamar a 2017 domin yaran da rikicin Boko Haram ya raba da makaranta a yankin Tafkin Cadi ya zama abin koyi, domin an shirya darussa 144 na karatu da lissafi ta rediyo, da Faransanci da Fulfulde da Hausa da Barbarci. An zaɓi na'urar da take akwai a gidaje, mai aiki da batir, aka kuma yi magana da harshen da yaro yake ji.

4.0 Horar da Malamai

Arewacin Kamaru yana da cibiyoyin da za su iya ɗaukar nauyin horar da malamai, domin akwai Jami'ar Ngaundere tun 1993, da Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 tare da babbar makarantarta ta horar da malaman sakandare, da Jami'ar Garwa da aka kafa a Janairun 2022, baya ga makarantun horar da malaman firamare. Tsarin ƙwarewar malamai da UNESCO ta sabunta a 2018 ya kasa koyon amfani da na'ura zuwa matakai uku: malami ya san na'urar, sannan ya zurfafa darasinsa da ita, daga ƙarshe ya jagoranci ɗalibai su samar da nasu ilimin. Taron bita na 'yan kwanaki ba ya wuce matakin farko. Kaiwa ga na biyu yana buƙatar malami mai neman ƙwarewa ya tsara darasin fanninsa da na'ura, ya gwada shi a aji mai cunkoso, a duba aikinsa a gyara masa, kuma horon ya haɗa da malaman da ƙungiyoyin iyaye suke biya, waɗanda suke riƙe da azuzuwa da yawa a karkara. Darasin ƙasar Peru ya ƙarfafa wannan matsayi, inda binciken da aka wallafa a 2012 ya gano cewa raba wa 'yan firamare kwamfutoci bai ƙara musu ƙoƙari a lissafi da harshe ba.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa amfanin na'ura a makaranta ya rataya ne a kan malamin da ya iya koyarwa da ita, da wutar da za ta kunna ta, da harshen da ɗalibi yake fahimta. Don haka ya kamata ma'aikatun ilimi da jami'o'in Ngaundere da Marwa da Garwa su sanya amfani da na'ura cikin gwajin koyarwa na kowane fanni, su fifita darussan da ake saukewa a waya a yi aiki da su ba tare da intanet ba, su kuma tanadi farantan hasken rana kafin sayen kwamfuta. Ma'aunin nasara shi ne abin da ɗalibi ya fahimta a ƙarshen zango.