Kuɗin Da Aka Kashe A Madadin Abokin Ciniki: Yadda Ake Rubuta Shi Da Karɓo Shi Ta Manhajar Lissafi

Kuɗin mayarwa shi ne abin da ɗan kasuwa ya fitar daga aljihunsa don biyan buƙatar abokin cinikinsa, bisa yarjejeniyar za a mayar masa. Ba riba ba ne. Dillalan dabbobi sun daɗe da sanin wannan bambanci: kuɗin lodi da na mota da dillali ya biya wa mai shanu daban suke, la'adarsa daban take.

Ɗauki misalin ɗan kwangila a Kurfi, garin da ke kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, wanda aka ba aikin kewaye gida. Ya sayo siminti a Katsina, ya biya mota, ya biya 'yan dako. Idan waɗannan rasidai suka cuɗanya da kuɗin man babur ɗinsa da hayar shagonsa, ɗayan biyu zai faru: ko ya manta wasu ya yi asara, ko ya lissafo su da ka mai aiki ya yi zargin an cuce shi. Ƙananan kuɗaɗen sun fi salwanta, domin ɗan dako ba ya ba da rasidi.

Manhajoji irin su QuickBooks da Zoho Books sun tanadi hanya guda. Yayin shigar da kashewar, sai a sa mata alamar cewa za a nemi a mayar, a zaɓi sunan abokin cinikin, a liƙa hoton rasidin da aka ɗauka da waya. Manhajar za ta ajiye ta cikin jerin abin da ba a nema ba tukuna. Ranar da aka zo rubuta wa wannan mutum takardar neman biya, za ta fito da su duka don a zaɓa, kuma wanda ya shiga takarda ba zai sake fitowa ba. A QuickBooks na intanet, sai a manyan matakan rajista ake samun wannan tsari, don haka a duba kafin a biya.

Akwai kuma gurbin ƙara wani kaso a kan kuɗin. A nan ake bukatar tsantseni. Wanda aka wakilta ya sayo kaya amana aka ba shi, kuma ƙarin da mai aiki bai sani ba cin amana ne, ko da manhaja ce ta lissafa. Idan an yarda da ƙarin, a rubuta shi a layinsa.

Raba layukan yana da amfani a fuskar haraji ma. Dokokin cire haraji tun daga tushe na 2024, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2025, sun keɓe irin wannan kashewa idan ana iya bambance ta da kuɗin kwangila. Mai yi wa ma'aikatar gwamnati ko cibiya kamar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma aiki, idan ya haɗe komai a dunƙule, yana iya tarar da an cire masa haraji har a kan kuɗin da shi ma biyansa ya yi. Harajin VAT kuwa, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, hukuncinsa ya danganta da yadda aka tsara yarjejeniyar, kuma ya kamata a nuna wa akanta ita kafin a aika takarda.